Ruwan Ƙazanta da Lafiyar Rafukanmu: Abin da Ya Kamaci Dutsin-Ma da Kurfi

Gabatarwa



Idan ana zancen ruwa a yankinmu, zancen samunsa ake yi. Wannan takarda ta dubi ɗaya ɓangaren: ina ruwan yake zuwa bayan mun gama amfani da shi? An kammala madatsar Zobe a kan kogin Karaduwa a 1983, a Yulin 2021 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ruwan sha na Zobe. Sai dai yawancin ruwan da ya shiga gida yakan fito ne da sabulu da maiƙo da najasa.

Halin da ake ciki

Dutsin-Ma ta cika ta tumbatsa tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga gidajen haya na ɗalibai. Kurfi da Rawayau ma sai faɗaɗa suke yi. Ruwan wanka da wanki yana bin lambatu zuwa kududdufi. Masai idan ya cika a kira masu kwasa, su kuma su zubar a bayan gari. Jini da kayan ciki na mayanka su ma haka. Ruwan farko na damina shi ke kwashe duk wannan ya zuba a ƙorama.

Ƙoramunmu na yashi ne, suna kafewa da rani, don haka babu yalwar ruwan da zai tsarma dattin. Najasa tana cinye iskar oksijin da kifi ke shaƙa, tana haifar da gansakuka, tana kuma sauka cikin rijiyoyin bakin rafi da ake ban-ruwan lambu da su. Kwalarar 2021 ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Katsina kuwa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Karaduwa ma ba namu ne mu kaɗai ba: ruwansa yana bin Bunsuru ya faɗa Rima, mutanen Zamfara da Sakkwato su sha. Wanda ya ga yadda Jakara ta koma a Kano ya san makomar rafin da aka bari gari ya cinye.

Mafita

Ba injinan tace ruwan ƙazanta irin na Wupa da ke Abuja muke buƙata ba, domin suna cin wuta da kuɗi. Abin da ya dace da mu shi ne tafkunan tacewa guda uku a jere, waɗanda aka daɓe da yumɓu. Na farko mai zurfin kamar mita 3, a nan dattin ke kwantawa ya ruɓe. Na biyu kamar mita 1.5, inda gansakuka ke samar da oksijin, ƙananan halittu su cinye ragowar dattin. Na uku marar zurfi, rana ta kashe ƙwayoyin cuta. Cikin 'yan makonni ruwan zai yi kyan ban-ruwan itatuwa da ciyawar dabbobi, busasshiyar laka kuma ta zama taki. Fili da zafin rana tafkunan ke buƙata, duka biyun kuwa muna da su.

Shawarwari

1. Ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi su keɓe fili nesa da rafi da rijiyoyi tun kafin a yanka shi filoti.
2. A yi wa masu kwasar masai rajista, a ba su safar hannu da takalma, a nuna musu wurin zubarwa.
3. Kowace mayanka ta samu ramin tara jini da kayan ciki.
4. Jami'a ta riƙa gwajin ruwan ƙoramu da rijiyoyi damina da rani, tana sanar da jama'a sakamakon da Hausa.

Kammalawa

Tun ran gini ran zane. Filin da za a iya keɓewa bana da sa hannun hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, idan aka bari, nan da shekara goma sai an rushe gidaje kafin a same shi. Ina roƙon wannan taro kada ya watse sai ya naɗa waɗanda za su bi maganar filin nan.