Mai saye da mai sayarwa: yadda ciwon haƙori ya zama lissafin maki a Ingila

Yau Ingila zan kai ku, mu ga abin da ya sa mutum zai kwana da ciwon haƙori a ƙasar da ke tinƙaho da tsarin lafiya na gwamnati, wato NHS, ya rasa likitan da zai karɓe shi.

Tushen maganar dokar 1990 ce, wadda ta raba harkar lafiya gida biyu: ɓangare ɗaya na riƙe da kuɗi yana sayen aikin jinya a madadin jama'a, ɗayan kuma na yin aikin. Su likitocin haƙori na unguwa dama 'yan kwangila ne, asibitin nasu ne. Tsarin ya kama su sosai a 2006, lokacin da hukumomin lafiya na yankuna suka fara sayen aikinsu da maki.

Ga lissafin: duba baki maki 1, ciko ko cire haƙori maki 3, haƙorin roba maki 12. Kowace shekara akwai adadin makin da likita zai kawo. In ya gaza sosai, a karɓe wani ɓangare na kuɗin, kun san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

To, ku lura da nan. Haƙori ɗaya ka cike wa mutum, maki 3. Shida ka cike masa, maki 3 ɗin dai. Sai 2022 aka ɗan gyara wannan. Kun ga kenan wanda bakinsa ya fi lalacewa, wanda galibi talaka ne, shi ya zama asara ga asibiti. Likitoci da yawa suka karkata ga masu biya daga aljihunsu. A 2022 binciken BBC ya gano cewa asibitoci 9 cikin 10 ba sa karɓar sababbin manya a ƙarƙashin NHS.

Ni abin da na ɗauka shi ne, abin da mai saye ke ƙirgawa shi likita zai yi. Mu ma a Najeriya, a inshorar lafiya, kamfanonin HMO ne ke biyan asibitoci. Duk mai katin inshora ya tambaya tun kafin haƙori ya tashe shi da dare: wane aikin haƙori aka saya mini?

Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.