Samari Marasa Aiki

Maganarmu a wannan taro ta samari ce da 'yan mata waɗanda suka gama makaranta suka komo gida, ba aiki. Mun san su, gama 'ya'yanmu ne. Sa'ad da saurayi ya shekara biyu yana yawon neman aiki, kullum ana ce masa ya komo gobe, ba kuɗi kaɗai ya rasa ba. Zuciyarsa takan karai. Yakan daina shiga mutane, in an yi masa tambaya sai ya sunkuyar da kai, har ran da aiki ya samu ya kasa buɗe baki a gaban mai ɗauka.

Bari mu faɗa muku abin da aka yi a Ingila, gama can ma akwai wannan ciwo. A shekara ta 1976 Yarima Charles ya bar aikin sojan ruwa, aka ba shi kuɗin sallama fam 7,400. Da su ya kafa ƙungiyar Prince's Trust domin irin waɗannan yara. Tun 2024 ana kiranta King's Trust, da yake ya zama sarki. Kafin ƙarshen 2020 ta taimaki samari da 'yan mata miliyan ɗaya.

Tana ba da jari, amma abin da ya fi kama hankalinmu shi ne horon mako 12 da ta soma a 1990, na masu shekara 16 zuwa 25. Da fari akan kai su wani wuri nesa da gida su yi kwanaki tare, suna hawan dutse, suna tuƙa kwalekwale. Wani zai ce wasa ne wannan. Mu ba mu ce haka ba, gama a nan ne mai jin kunya yakan ga ashe waɗansu suna dogara gare shi. Bayan haka su zaɓi wani aikin gayya a unguwa, su nemi kuɗinsa da kansu, su yi. Sa'an nan kowa ya yi mako biyu a wurin aiki na gaske. A ƙarshe kowannensu yakan tsaya a gaban baƙi ya ba da labarin abin da ya yi.

To, a cikinmu nan akwai kafintoci, da teloli, da makanikai, da masu kanti. Muna roƙo kowannenku ya karɓi yaro ɗaya na mako biyu, ya sa masa aiki a hannu, kada ya mai da shi ɗan aike.