Taron Ƙananan Mata Masu Goyo: Magana Ga Iyaye Da Shugabannin Bulok



Kun saba ganina a gefen jami'ar kariya, ita ta faɗa da Faransanci, ni in juya muku da Hausa. Yau ta ce in yi maganar da bakina, tunda ni nake fara jin kukan yaran nan idan sun zo ofis.

Tun 2013 aka buɗe Minawao. Yaran da suka zo nan ana riƙe da hannunsu daga Gwoza, Banki da Bama, yau wasunsu su ne ke goyo. Wata shekararta sha biyar, wata sha bakwai. Wata mijinta ya tafi nema, shiru har yau. Wata ta fito daga daji da jariri a baya, ba da son ranta ta shiga ba. Wata kuma ba a ɗaura mata aure ba, kowa ya juya mata baya.

A gida, yarinya idan ta yi haihuwar fari, gaban uwarta take komawa. Kwana arba'in ana dafa mata ruwa, ana dama mata kunu, kaka tana nuna mata yadda ake riƙe jariri. A nan da yawa ba su da uwar, ba su da kakar. Wannan gurbin ne taron yake ƙoƙarin cikewa.

Ga yadda yake. Sau ɗaya a mako za su zauna a wurin mata, su kaɗan, tare da ma'aikaciya mace, wani lokaci da ungozoma. Bari in faɗa tun yanzu don kada a yi tsammani: ba a rabon kaya a wurin. Shiga taron ba ya ƙara komai a katin abinci, ba ya kuma rage komai. Magana ake yi. Nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa. Ranakun rigakafi, da takardar haihuwa, wadda yaro ke da haƙƙinta ko uba yana nan ko ba ya nan. Alamomin da mai jego ba za ta jira gari ya waye ba: jini mai yawa, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi. Akwai kuma wanda ba a cika faɗa ba, wato yarinya ta daina barci, ta daina cin abinci, ta ji ba ta son ɗaukar ɗanta. Wannan ba mugun hali ba ne, ciwo ne, kuma ana taimaka wa mai shi. Idan sun so yin adashe a tsakaninsu, wannan nasu ne.

Abin da ya fi damuna shi ne bakin mutane. Yarinya za ta zo sau ɗaya, washegari a bakin famfo a ce ai taron marasa miji ne, ko a kira ɗanta da sunan da ba zan maimaita a gabanku ba. Shi ke nan, ba za ta sake fitowa ba. Na ga wadda ta ɓoye ɗanta a ɗaki har ya rame, don kawai kada a nuna ta a layin asibiti. Iyayena mata, ku ake ji a bakin famfo. Idan kun tsawata, za a bari.

Abin da aka faɗa a taron, a nan yake tsayawa. Ni ma da nake fassara, ba na kai shi gida. Sai fa idan ran yarinya ko na jariri yana cikin haɗari, nan ma ita za mu fara gaya wa kafin mu nemi taimako.

Surukai da mazaje, roƙonmu ku ba su izini, kuma a samu mai duba tukunya na ɗan lokacin. Wadda aka yi wa fyaɗe, kada ta jira ranar taro: a kai ta asibiti cikin kwana uku, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin awa 72 yake aiki.

Mai son shiga ta zo ofishin kariya ta tambaye ni, ko ta gaya wa ungozoma ranar awo. Ba sai ta zo da kowa ba, ba sai ta faɗi dalili ba. Wadda ba ta jin Hausa sosai, za mu nemo mai jin Kanuri ko yarenta, mace 'yar'uwarta.