Wa Ke Ciyar Da Mai Gadi?



Kowace shekara muna jin matsayin Najeriya a jadawalin cin hanci da ƙungiyar Transparency International ke fitarwa tun 1995, amma ba kasafai muke tambayar inda take samun kuɗi ba. An kafa ta a Berlin a 1993. Mafi yawan kuɗin hedikwatarta daga gwamnatoci da hukumomi irin su Tarayyar Turai suke fitowa, sai gidauniyoyi da kamfanoni. A Najeriya, CISLAC ce ke wakiltarta.

Dogaro da tallafi yana da haɗari biyu. Na farko, mai bayarwa yana iya janye hannu, kamar yadda rushe hukumar USAID a 2025 ya tsayar da ayyukan ƙungiyoyi da dama. Na biyu, jin nauyin mai bayarwa: an soki ƙungiyar saboda karɓar tallafin Siemens, kamfanin da aka ci tara a 2008 kan ba da cin hanci, har da a Najeriya. Garkuwarta ita ce bayyana masu ba ta kuɗi da adadin abin da suka bayar.

Mu mazauna bakin iyakar Ƙwanni mun san yadda na goro ke rufe baki, kuma tuni Shehu Usmanu ya soki gaisuwar da ake kai wa masu mulki a Kitabul Farƙi. Kuɗin ƙungiyarmu kuwa daga albashinmu ake yanka shi, don haka mu ne masu haƙƙin tambaya. Muna neman a karanta lissafin reshe a kowane taro, a kuma manna duk kuɗin da ya shigo makaranta a bango, iyaye su gani.