Wanda Ya Tsaya Mana Lamuni

Yau za mu yi magana a kan dalilin da ya sa Ubangiji Yesu Almasihu ya zo duniya cikin jiki irin namu.

Ka san yadda a ke yi sa'ad da baƙo ya kawo shanu daga arewa zuwa Kumasi. Ba ya jin harshen Asante, bai kuwa san mahautan garin ba. Sai ya sauka wurin mai gida, wanda ya ke jin harshen baƙo da na 'yan gari duka. Idan mahauci ya ɗauki sa bashi, mai gida ne ya ke tsaya masa lamuni. Ran biya, in mahauci ya kasa, mai gida zai biya daga aljihunsa. Ba mai iya wannan aiki sai wanda kowane sashi ya yarda nasa ne.

To, aboki, kai da ni akwai bashi a wuyanmu wurin Allah. Mudun da aka tauye, rantsuwar ƙarya a kan kuɗin kaya, ƙiyayyar da ke ɓoye a zuciya, ba ɗayansu da ya ɓace masa. Ran biya kuwa tana zuwa, watau ranar shari'a. Wa zai tsaya maka? Ɗan'uwanka ba shi iyawa, gama shi ma ana binsa. Mala'ika ba namu ba ne, bai taɓa jin yunwa ko ciwo ba.

Domin wannan ne Allah da kansa ya sauko. Kada ka yi tsammani muna cewa Allah ya yi aure, faufau! Budurwa Maryamu ta yi ciki ta wurin ikon Ruhu Mai Tsarki. A zamanin Kaisar Augustas ta haifi Yesu a Baitalahmi ta Yahudiya, ta kwantar da shi a komin dabbobi, domin ba su sami wuri a masauki ba. Ya girma a Nazarat yana sassaƙa, har ya kai wajen shekara 30 ya fara wa'azi. Ya yi azumi kwana 40 ya ji yunwa. Tafiya ta gajishe shi har ya zauna a bakin rijiya a Samariya. Ya yi kuka a kabarin abokinsa Li'azaru. Mutum ne na gaske, amma bai taɓa yin zunubi ba, saboda haka ba a binsa kome. Allah ne na gaske kuma, abin hannunsa ya isa ya biya wa dukan duniya.

Ya kuwa biya. A zamanin Bilatus aka gicciye shi a Urushalima, ya ba da ransa a madadinmu. A rana ta uku ya tashi daga matattu, shaida ke nan an karɓi biyan.

Amma lamuni ba ya amfanin wanda ya ce ba a binsa. Yau, tun ba ka kwashe kaya ba, ka faɗa masa gaskiya, ka tuba, ka ba da gaskiya gare shi.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Yesu, ka zama namu domin mu zama naka. Ka gafarta mana zunubanmu, ka tsaya mana a ranar ƙarshe. Amin.