Tsarabar Shayi: Ki Ɗanɗana Kafin Ki Biya

Hirarmu ta yau a kan tsarabar ganyen shayi ce, musamman gare ki da Allah ya nufa da zuwa Hajji ko Umara, ko fatauci Dubai.

Bari in fara da abin da ya same ni. Shekarar da na je Umara, na ga wani kwalin shayi mai ruwan zinare a wani kanti a Madina. Ban shinshina ba, ban tambaya ba, na biya guda uku, na cusa su akwati ɗaya da turaren wuta da almiski. Da na dawo Haɗeja na kai wa surukata nata. Aka dafa, ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye kofi ta ce, "'Yar nan, wannan shayi ne ko humra?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

To 'yar uwa, kada ki bi sahuna. Shayin da ke kasuwannin Makka da Madina shigo da shi ake yi daga ƙasashe irin su Sirilanka, Kenya, Indiya da Sin. Saboda haka ki juya kwalin ki duba asalinsa. In kin ga an rubuta Ceylon, tsohon sunan Sirilanka ne kafin 1972. Tambarin zaki riƙe da takobi kuwa shaida ce cewa ganyen can ne zalla, kuma can aka ƙulla shi. Ki duba kwanan wata, don shayi in ya tsufa ƙamshinsa gudu yake yi.

Inda ake aunawa, ki ce a zuba miki kaɗan a tafin hannu. Ganye mai kyau murɗaɗɗe ne, a bushe ƙayau, ba warin fumfuna. Mai gari-gari ba laifi gare shi ba, yana saurin ba da kala, ya dace da madara, amma kada a karɓi kuɗin cikakken ganye a kansa.

Sai ɗanɗano. Ki sayi ɗan kaɗan tukuna, ki gwada a masauki, ba sukari ba madara, domin su ne ke rufa wa mugun shayi asiri. Baƙin shayi yana son tafasasshen ruwa, minti 3 zuwa 5. Kore kuwa ki bar ruwan ya ɗan huce, in ba haka ba ɗaci zai yi. In ya yi miki, gobe ki koma ki ƙaro.

Kada kuma ki cinye kilonki na jirgi a kan abin da ke gida. Koren shayin Sin da Buzaye ke dafawa yana nan a kasuwanninmu, kuma ana noman shayi a tsaunin Mambila, jihar Taraba.

Daga ƙarshe, ganyen shayi zuƙe wari yake yi. Ki raba shi da turare da sabulu a akwati. A gida ki juye shi a gwangwani mai murfi gam, nesa da daddawa da bandar kifi, musamman da damina da laima ke yawa a nan bakin kogi.

Guzurinki guminki ne, kada kyan kwali ya cinye shi. Sai wani makon in Allah ya kai mu, a huta lafiya.