Rage Ƙiba A Lokacin Damuwa: Jawabi Ga Jama'ar Kujama Da Kewaye

Wannan jawabi ya shafi duk wanda likita ya umarta da ya rage ƙiba saboda hawan jini ko ciwon sukari, ya kuma fara, sa'an nan wata damuwa ta auko masa. A da, mutane da yawa sun ɗauki teɓa alamar wadata ce. Yanzu an tabbata cewa ƙiba mai yawa tana jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da ita.

Kujama, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, da sauran garuruwan da ke kan hanyar Kachia zuwa Kafanchan sun ga kwanakin wahala. A 2020 an yi zaman kulle na cutar korona, a 2023 kuma aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka tashi. Ga kuɗin makarantar yara, ga fargabar zuwa gona. A irin wannan hali ne mai rage ƙiba ya kan saki abin da ya fara, ya ce sai hankali ya kwanta.

Akwai dalilin haka a cikin jiki. Idan damuwa ta daɗe, wasu ƙananan halittu biyu da ke bisa ƙoda su kan riƙa zuba wani sinadari cikin jini, wanda likitoci ke kira kotisol. Shi ne ke ƙara wa mutum kwaɗayin zaƙi da maiƙo, ya kuma sa kitse ya taru a ciki. Rashin barci yana ƙara wannan yunwa. Saboda haka ma'aikacin da ya bar Kujama da asuba bai karya ba, ya shiga Kaduna ta Sabon Tasha, ya wuni a kan fanke da lemon kwalba, da dare sai ya ci tuwon mutum biyu ya kwanta.

Abin da ake so a lokacin damuwa shi ne mutum ya riƙe abin da ya samu, ko da bai ƙara ragewa ba. Wanda ya rage kilo 5 ya riƙe su har ƙunci ya wuce, ya yi nasara. Abubuwa huɗu ne za su taimake shi.

Na farko, kada ya canza lokacin cin abinci. Ya karya da safe, ya ci na dare da wuri. Abincin gida ya wadatar: faten acha ko na tsakin masara da yakuwa, wake, zogale, gauta, da tuwon dawa gwargwadon dunƙulen hannu. Rabin kwano ya zama ganye, man miya kuwa a auna shi da cokali.

Na biyu, ya lura da abin sha. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9, alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda wa babban mutum a yini bai wuce kamar cokali 12 ba. Giya da burkutu ma suna ƙara ƙiba, ba kuma sa gusar da damuwa. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, watau ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Na uku, tafiya a ƙasa da sauri, minti 30 a rana, kwana 5 a mako. Tana ƙona kitse, tana kuma sanyaya zuciya. Inda hanya ba ta da aminci, a yi ta da rana cikin gari tare da maƙwabta.

Na huɗu, barcin awa 7, da kuma faɗa wa wani amintacce abin da ke damun rai, ko ɗan'uwa, ko liman, ko fasto, ko malamin asibiti.

Idan an yi biki ko zaman makoki aka ci fiye da kima, kada a rama da wunin yunwa. A koma kan tsari daga abinci na gaba. Rage rabin kilo a mako ya isa, domin sannu ba ta hana zuwa. Wanda ba shi da ma'auni ya auna tsayinsa da igiya, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, da sauran aiki.

A guji shayi da ƙwayoyin rage ƙiba da ake talla a tasha da wayar hannu, domin yawancinsu gudawa suke sawa, wasu kuma su taɓa ƙoda. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini kada ya daina, kada kuma ya rage abinci ƙwarai sai da shawarar likita. Wanda kuwa ya ga yana ramewa ba da nufinsa ba, tare da yawan ƙishirwa da fitsari, ko tari na fiye da mako 2, ya hanzarta zuwa asibiti mafi kusa a gwada shi.

Allah Ya ba da lafiya da zama lafiya.